Tambaya Da Amsa: Fasuwod Ɗina Ya Ƙi Shiga Bayan An Sa Sabuwar Windows

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, da fatan an wuni lafiya. Na sayi laftof tokunbo na kai aka sa min Windows 11, shi yaron shagon yana ta danna Next Next ko karantawa ba ya yi, to yanzu in na danna @ sai wata alama ta fito, fasuwod ɗin imel ɗina ya ƙi shiga, ga kwanan wata ma a juye a Excel. An cuce ni ne ko dai gyaran ne bai yi ba? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam 'yar uwa, kwantar da hankalinki, ba abin da ya samu laftof ɗinki. A farkon sa Windows ana tambayar abu uku, yare, tsarin lokaci da kuɗi, sai kibod, kuma kowanne harkarsa daban, amma masu gyara da yawa sun mai da su abu ɗaya saboda layi na jiransu.

Kibod ba ruwansa da ƙasar da kike, abin da aka zana a jikin maɓallan ake bi. Duba lamba 2, in akwai @ a samanta to na Amurka ne, in kuwa " ne a kan 2 sannan £ a kan 3 to na Ingila ne, shi yaron ya zaɓi wanda ba shi ba shi ya sa kike rubuta fasuwod daidai kwamfuta tana ganin wani abu daban. In ma daga Faransa ta zo za ki ga AZERTY a layin sama, irin wanda 'yan uwanmu na Maraɗi da Damagaram suka saba da shi. Ki shiga Settings, ɓangaren Time & language, ki ƙara wanda ya dace. Can kuma akwai kibod na Hausa mai ƙ da ɗ da ɓ, maɓallin Windows haɗe da Space ke sauya su.

Kwanan wata kuwa tsarin Amurka aka bar miki, su wata suke fara rubutawa, 03/04/2025 a wajensu 4 ga Maris ne, mu kuma 3 ga Afrilu muke nufi, ki ga fa in lissafin adashi ne ai an shiga uku. A can Time & language ɗin ki mai da tsarin yanki (Regional format) ya koma na Najeriya, agogo kuma UTC+1, wato lokacin Najeriya, ki leƙa firinta ma ko girman takardarta na kan Letter ki mai da ita A4.

Yare dai ni shawarata ki bar Turancin, don in matsala ta taso da shi za ki nemi magani a Google. Amma ki duba ko nau'in Windows da ake kira Home Single Language ce aka sa miki, ita wannan ba ta yarda a canza mata yare daga baya.