Fayilolina sun koma shotkat a filas

Tambaya: Assalamu alaikum. Don Allah na saka filas ɗina a kwamfutar abokina, da na dawo sai na ga duk foldodin sun koma shotkat, hotuna da takardu babu ko ɗaya. Sun tafi kenan?

Amsa: Wa alaikumus salam. Kwantar da hankalinka ɗan'uwa, yawanci suna nan, bairos ɗin ɓoye su ya yi ya jera shotkat a gurbinsu, kana dannawa yana shigewa kwamfutarka, to kar ka taɓa ko ɗaya. Fara yi wa filas ɗin sikanin da Microsoft Defender, ai yana cikin Windows 10 da 11, amma sabunta shi tukuna don tsohon antibairos kusan hoto ne. Sai ka buɗe cmd, wato wurin da ake rubuta wa kwamfuta umarni a Windows, ka rubuta attrib -h -r -s /s /d E:\*.* ka sa harafin da kwamfuta ta ba filas ɗinka a madadin E. In fayilolin sun fito kwashe su, ka yi wa filas ɗin fomat.

Kuma kar a raina filas, bairos ɗin Stuxnet da aka gano a 2010 ta filas yake yaɗuwa, har ya lalata injinan nukiliyar Iran. Abokin naka ma ya duba tasa kwamfutar, daga can abin ya fito.