Zuwa tafkin Madarunfa a kan keke daga Maraɗi

Ɗan'uwa, ka tambaya ko keke zai kai ka Madarunfa ka dawo a yini guda. Zai kai ka sarai, tafiyar zuwa kaɗai ba ta wuce kilomita 25 ba, wajen awa ɗaya da rabi in ba ka gaggawa.

Ka tashi da an sallame asuba, da litar ruwa 3. Lokacin sanyi ya fi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu. A Afrilu zafi yakan haura digiri 40, ban ba ka shawara ba.

Babban abokin gabarka ƙaya ce, musamman ta aduwa in ka sauka daga kwalta. Riƙe famfo, faci da robar ciki guda. In taya ta sace, shafa cikinta da yatsa ka zare ƙayar kafin ka mai da roba, in ba haka ba nan take za ta sake hudawa. Sarƙa kuma kada ka cika mata mai, ƙurar hunturu ce ke liƙewa ta cinye haƙora.

A bakin tafkin akwai rairayi, sauka ka tura. Kaburburan waliyyai 99 da ake faɗa suna kewaye da shi. Nemi ɗan gari ya raka ka, ka shiga da ladabi.