Tambaya da Amsa: Hular kwanon keke tana dafa min kai, wacce zan saya?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, barka da ƙoƙari. Ni dai wata takwas kenan da na koma hawa keke, likita ne ya ce in rage tumbi, kuma alhamdulillahi ina jin daɗinsa, kullum nakan yi kamar kilomita 15 zuwa 20. Matsalata ɗaya ce, hular kwano. Wadda nake da ita abokina ne ya ba ni, baƙa ce mai 'yan ramuka huɗu a sama, da sanyi ban damu ba amma tunda zafi ya shigo wallahi ji nake kamar an kifa min tukunya a ka, gumi na zuba cikin idona har ba na ganin gabana sosai, ƙarshe sai in cire ta in rataye a hannun keke. Maiɗakina ta ce in ba zan saka ba to in ajiye keken. Na duba intanet na ga wata mai rami 12, wata 24, wata ma sama da 30. Shin mai ramuka da yawa ita ta fi? Kuma ramukan nan ba sa rage mata ƙarfi idan mutum ya faɗi? Wani kuma ya ce fara zan saya don baƙa tana jan rana. A taimaka.
— Daga wani mai karatunmu

AMSA: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Da farko dai ka gaida min uwargida, ka ce mata ina bayanta ɗari bisa ɗari, don hular da ke rataye a hannun keke hannun keken kawai take karewa.

Amma ba na ganin laifinka, zafin gaskiya ne ba raki ba. Abin da ke cikin hular nan, wancan soso mai tauri, ɗan'uwan farin soson da ake tallafe talabijin da shi ne a cikin kwali, kuma irinsa ake sakawa a bangon kula don ƙanƙara ta daɗe ba ta narke ba. Masu ƙerawa suna ce masa EPS. Aikinsa a hula shi ne ya murƙushe idan ka bugu, ya shanye bugun maimakon ƙoƙon kanka, sai dai kuma halinsa na hana zafi wucewa yana nan bai bar shi ba. To kaga ka ɗora kula a kanka kana murza feda a cikin rana, dole ka dahu in dai ba a buɗe wa iska hanya ba.

Hanya na ce fa, ba rami ba. Nan ne mutane da yawa suke shan ruwa, ni ma na sha. Na taɓa sayen wata don kawai na ƙirga ramukanta na ga sun haura ashirin, ashe ƙananan huji ne kamar na rariya, kowanne ya tsaya a kan fatar kai bai je ko'ina ba, iska ta shigo ta rasa ta inda za ta fita. Sati biyu na yi da ita na haƙura. Jiki ba ya yin sanyi don gumi ya fito, sai gumin ya bushe ya tashi da zafin, kuma abin da ke busar da shi iska ce mai wucewa ba wadda ta tsaya ba. Ɗaki mai taga ɗaya da ɗaki mai taga biyu suna kallon juna ai ba ɗaya ba ne.

Don haka idan ka riƙe hula, ka daina kallon bayanta mai ƙyalli, juya ta ka leƙa cikinta. Hula mai kyau za ka ga an yanka mata wasu kwaruruka masu zurfi a cikin soson, sun taso daga goshi sun miƙe har ƙeya, kamar magudanar ruwa. Sa yatsanka a ciki ka bi su. In yatsan ya nutse ya tafi sumul daga ramin gaba har ya fito ta na baya, to iska ma haka za ta bi. In kuma cikin a shafe yake kamar cikin ƙwarya, ramukan ado ne kawai. Sai ka ɗaga ta daidai idonka ka duba ta gaba, ya kamata ka hango haske ta baya. Ramukan baya su ne mafita, a so su zama manya, kuma kar wancan abin ɗaurewa na ƙeya ya toshe su. Hula mai manyan ƙofofi 14 da kwari mai zurfi tana iya fin mai ƙananan huji 28 sanyi nesa ba kusa ba.

Wurin da aka fi mantawa shi ne goshi, alhali nan ne gumin da ke shiga idonka yake taruwa. Ka saka hular ka duba madubi, shin akwai 'yar ƙofa tsakanin goshinka da soson, ko kuwa ya manne kaf daga wannan gefe zuwa wancan? Masu kyau suna barin 'yan hanyoyi a bakin goshi don iska ta ratsa ta busar da ɗan matashin da ke wajen. In akwai fanka kusa tsaya a gabanta da hular a kanka, ka ɗan sunkuya kamar kana kan keke. Minti ɗaya ya isa ka ji ko iska tana taɓa tsakiyar kanka.

Sai kuma ka yi wa kanka adalci game da irin tafiyarka. Mai gudun kilomita 30 a awa kusan kowace hula za ta ba shi iska. Matsalar tana wajen hawan tudu ko cikin cunkoso, inda kake jan jiki a kilomita 8 ko 10, jiki ya fi aiki iska kuma ta ɗauke. A nan manyan ƙofofi a saman kai ne suke ceto, don zafin ya samu ya tashi sama. Shi ya sa nake cewa ka kauce wa hulunan nan masu sulɓi da ake yi wa 'yan tsere don su ratsa iska, da kuma masu zagaye kamar rabin kwano da 'yan wasan sululu suke sakawa, wadda abokinka ya ba ka ina zargin irinta ce. Ba wai ba sa karewa ba ne, zafi ne da su.

Yanzu batun ƙarfi, tambaya ce mai kyau. Kar ka yarda da idonka ko da ƙwanƙwasawa da yatsa, nemi tambari a ciki. In ka ga CPSC, wannan ma'aunin Amurka ne, tun 1999 doka ta hana sayar da hular keke a can in ba ta ci jarrabawarsa ba. In ka ga EN 1078, na Turai ne. Yadda suke yi shi ne a saka hular a kan wani kan ƙarfe mai na'ura a ciki, a sako shi daga sama ya faɗa kan maƙera, mita 2 a na Amurka, kimanin mita ɗaya da rabi a na Turai, sai a auna bugun da ya kai ga kan. Kuma abin da zai yi maka daɗi, ba a ɗaki mai sanyi kaɗai ake gwadawa ba, sai an gasa wasu hulunan a zafin da ya kai wajen digiri 50 sannan a buga su. Mai rami 5 da mai rami 30 duk jarrabawa ɗaya suke zaunawa. Masu manyan ƙofofi sukan samu ƙarfinsu ne ta hanyar soso mai ƙarin tauri da wani ƙashi da ake binnewa a cikinsa, wannan aikin ne ma yake sa su fi tsada. Abin da ban yarda da shi ba sam shi ne mutum ya ɗauki wuƙa ko abin huji ya ƙara wa hularsa rami da kansa. Na san akwai masu wannan dabarar. Ka lalata ta kenan.

Su kansu ƙwararru sun daɗe suna irin kukanka. A 1991 hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta so tilasta saka hula, 'yan tsere suka yi bore a gasar Paris–Nice ta ƙasar Faransa dole aka janye. Sai a 2003, bayan ɗan Kazakistan Andrei Kivilev ya faɗi a wannan gasar dai ba hula a kansa ya rasu, sannan dokar ta zauna. Ko a lokacin ma sai da aka ɗaga musu ƙafa cewa suna iya cirewa a hawan dutsen ƙarshe idan a samansa za a kammala, daga baya aka soke wannan ma. Tunda ya zama dole 'yan tsere su hau duwatsun Faransa cikin zafin watan Yuli da hula a ka, kamfanoni suka duƙufa wajen neman yadda za ta sha iska, mu kuma muka tsinci dami a kala.

Za ka kuma ga wasu da ɗan tambari ruwan ɗorawa an rubuta MIPS. Fasaha ce daga Suwidin, wani siririn shimfiɗin leda a ciki da ke barin hular ta ɗan zame milimita 10 zuwa 15 idan ka bugu a karkace, don rage murɗawar da ke jijjiga ƙwaƙwalwa. Ina son sa. Sai dai ka duba, a wasu hulunan ledar tana rufe wani ɓangare na kwarurukan iskar, a wasu kuma an yanka ta daidai da ramukan. Jami'ar Virginia Tech a Amurka tana gwada hulunan keke tana ba su taurari har biyar, kyauta ne a shafinsu, kana iya duba wadda ka ƙyalla ido a kai.

Fara ko baƙa? Abokin shawararka yana da gaskiya amma 'yar kaɗan. Baƙi ya fi ɗaukar zafin rana, in ka taɓa bayanta za ka ji, amma soson nan da ke hana zafin kanka fita shi ne kuma ke hana na waje shiga, ga iska tana kaɗawa in kana tafiya. In hula biyu sun yi daidai a komai ɗauki fara, ko don direbobi su fi hango ka. Amma kar ka bar baƙa mai hanyar iska ka ɗauki fara toshashshiya.

Duk wannan bayanin banza ne idan ba ta zauna maka ba. Samu tef ɗin tela ka zagaya kanka ɗan sama da gira, yawanci matsakaiciya tana kama daga santimita 55 zuwa 59. Ta zauna a miƙe, yatsa biyu tsakanin girarka da bakinta, igiyoyin su haɗu a ƙasan kunne, a haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu ne kawai zai shiga. Masu jin zafi suna da wata ɗabi'a ta tura hula can ƙeya don goshi ya sha iska, to goshin ne fa yake fara isa ƙasa, kuma ka karkatar da ƙofofin gaba sun daina kallon iskar. Nauyi kuma, mai giram 250 zuwa 300 ta wadatar, wuyanka ba zai yi ƙorafi ba.

TAMBAYA: Malam ni sanƙo gare ni, rana tana shiga ta ramukan tana ƙona min kai har ya yi zane-zane. In saka hana-sallah a ciki?

AMSA: Allah Sarki, abokin tafiya. A'a, kar ka saka hana-sallah, tana da kauri ga ɗan maɓallin nan a tsakiyar ka, za ta ɗaga hular ta hana ta zama, in ka faɗi kuma maɓallin kanka zai soka. Akwai 'yar siririyar hula kamar safa da ake yi don wannan, ba ta riƙe gumi, ita za ka nema, ko ka shafa man kariya daga rana. Auduga mai kauri jiƙewa take ta zauna jagab ta toshe iskar da ka sayi hular dominta. In zafi ya yi zafi ka tsiyaya ɗan ruwa ta ramukan, yana taimakawa sosai. Amma in ka fara jin jiri ko tashin zuciya ko ciwon kai, wannan ba maganar hula ba ce kuma, sauka ka nemi inuwa ka sha ruwa.

TAMBAYA: Yaya, hular ɗana kullum a bayan mota take kwana take wuni, yanzu na ga ledar samanta ta fara ɓanɓarowa kuma tana wari. A wanke ko a sake?

AMSA: Ƙanwata, warin mai sauƙi ne, 'yan matasan ciki yawanci ana ɓalle su, ki wanke da ruwa da sabulu mara ƙarfi ki shanya a inuwa, igiyoyin ma haka don gishirin gumi yana sa su ƙage. Kar ki kusanto da fetur ko tina, suna cinye soson. Ɓanɓarowar ce ta fi damuna. Motar da aka rufe a rana tana yin zafin da zai saki gam ya lanƙwasa leda, ba wurin ajiye hula ba ne. Ki duba soson da kyau, in kin ga tsagewa ko loɓawa, ko kin san yaron ya taɓa buga kansa da ita a ƙasa, to ta gama aiki ko da kuwa daga waje tana kyau, don soson nan sau ɗaya yake murƙushewa ba ya dawowa. Kamfanoni da yawa ma suna cewa a canza bayan shekara uku zuwa biyar, ranar da aka yi ta tana jikin takardar da ke manne a ciki. Yadda kika kwatanta ta dai, ni da ni ne sabuwa zan saya masa, kuma ki tafi da shi a gwada a kansa, kar a sayo babba wai don ya girma a ciki.