Tambaya da Amsa: Batir takwas za su tada mota?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce 'yar aji biyu na babbar sakandare. Malamin fiziks ɗinmu ya ce ƙaramin batir irin na rimot bolt 1.5 ne, na mota kuma bolt 12, sai na lissafa na ga in aka jera ƙananan guda 8 ai 12 ke nan, to me zai hana su tada mota? Da na tambaya 'yan aji suka kwashe da dariya, kafin ya amsa aka buga ƙararrawa. Ni dai har yanzu boltej da karant abu ɗaya nake ganinsu.

AMSA: Wa'alaikumus salam 'yata. Rabu da masu dariya, da yawansu in aka titsiye su ba za su iya amsawa ba. Lissafinki daidai ne, in kika jera su kai da gindi bolt 12 za ki samu cif, amma motar ko tari ba za ta yi ba.

Ki ɗauki tankin ruwa a sama da famfo a ƙasa. Tsayin tankin shi ke ba ruwan ƙarfin turi, wannan shi ne boltej, da bolt ake auna shi. Yawan ruwan da ke wucewa cikin bututu duk daƙiƙa kuma shi ne karant, ma'auninsa amfiya. In bututun siriri ne komai tsayin tankin ruwa kaɗan zai zubo, wannan matsin shi ne turjiya, ana auna ta da om. Bajamushen nan Georg Ohm ne ya fitar da alaƙar su ukun a 1827, wato V = IR ɗin nan (V boltej, I karant, R turjiya) da kuke haddacewa kamar karatu, kuma gaskiya haddar nan ba tare da an taɓa wayar lantarki ba ita ke rikita yara. Bolt 3 a kan turjiya mai om 6 zai ba ki rabin amfiya, ki mai da shi bolt 6 sai ya koma amfiya 1.

To sitatar mota lokacin da aka murza makulli tana zuƙar sama da amfiya 100 a lokaci guda, shi ya sa kike ganin wayoyin kan batir ɗin kauri gare su kamar yatsa. Shi kuwa ƙaramin batir a cikinsa ma akwai turjiya mai yawa, ga shi kin jera takwas ta ninku, da sitata ta nemi karant ɗin da ya fi ƙarfinsu sai boltej ɗin ya zube nan take, batiran su yi zafi, shi ke nan.

Wani abin da zai taimake ki a firaktikal: boltej kullum tsakanin wuri biyu ake auna shi, don haka boltmita, na'urar auna boltej, a gefe biyu na kwan fitila ake maƙala ta, ita kuwa amita, mai auna karant, sai kin cire waya kin sa ta a kan hanya karant ya ratsa ta. Ki roƙi malaminku ya auna batir shi kaɗai, sannan ya sake aunawa fitila na ci, za ki ga lambar ta ɗan sauka. Amma don Allah a tsaya kan batir, kar a je wa soket ɗin bango, karant da bai kai kashi ɗaya cikin goma na amfiya ba in ya ratsa ƙirji yana iya kisa.