RimWorld: yunwa na kashe mutanena lokacin sanyi

Ka ce ka fara RimWorld, wasan kwamfuta na gina sansani da kula da mutanensa, amma da sanyi ya shigo yunwa ke kashe mutanenka uku, me za ka yi? Ɗan'uwa, abinci tukuna. Ranar farko ka shuka shinkafa, tana saurin nuna, sannan ka gina ɗaki da na'urar sanyaya, ka sauke ta ƙasa da digiri 0, komai ba ya ruɓewa. Ka zaɓi Phoebe Chillax kuma, ɗaya daga cikin masu tsara abubuwan da ke faruwa a wasan, tana ba da tazara tsakanin hare-hare.

Amma fa firizan nan sai da wuta, ni sola kaɗai na sa babu batir, kullum dare ɗakin ya ɗumama har naman barewar da na tara ya lalace, wallahi ya min ciwo. Ka haɗa da janareta mai cin itace.