Shin Kurege Yana Hawa Icce?

Wani mai karatu daga Mabera a Sakkwato ya rubuto: "Malam, ɗiyata ta karanta cewa kurege na kwana bisa icce, kuma nauyinai bai wuce giram 300 ba. Ni ko kuregen da ni sani rami shika gina, shi tone muna gyaɗa. Wa ad da gaskiya?"

Malam, kai da ɗiyarka babu wanda ya yi kuskure. Dabbobi biyu ne, 'yan gida ɗaya, suka taru a kan suna ɗaya.

Wanda Bahaushe ya raɗa wa kurege shi ne na ƙasa, mai farin zane a kowane gefen ciki, mai tsayawa da ƙafafun baya ya leƙa kafin ya faɗa rami. Babbansa yakan kai rabin kilo zuwa kilo 1, kamar budurwar kaza ke nan, tsawon jikinsa kuma santimita 22 zuwa 29 ban da wutsiya. Shi ne na tatsuniya, wanda ya ɗaura wa kura sirdi ya haye. Duk wayon da ake jingina masa na mai rami ne: ya yi ɓarna, ya ɓace a ƙasa.

Na littafin ɗiyarka kuwa ɗan bisa ne. Akwai irinsa a dazuzzukan Afirka, tun daga Senegal har zuwa Habasha. Nauyinsa giram 250 zuwa 350 ne, wato bai fi tantabara ba, wutsiyarsa mai zobe-zobe ta ɗara jikinsa tsawo, da ita yake daidaita kansa a kan reshe. A kogon icce yake kwana. Jiki mai nauyi ba ya amfanar mai tsalle a siraran rassa, ko da yake a Indiya akwai wani na bisa da ke kai kilo 2. A kurmin Kamaru da Gabon kuma akwai ɗan mitsitsin da nauyinsa bai kai giram 20 ba, ƙaramin batirin rediyo ma ya fi shi.

To ina laifin kalmar? Babu. Harshe yakan ara sunan abin da ya sani ya yafa wa baƙo, sai ya ƙara masa jela don a bambance: kifin gwangwani, jirgin sama, kazar ruwa. Ni a rubutuna nakan ce kuregen bisa, ko kuregen icce yadda bakin Basakkwace zai fi so, in bar kurege tsura ga na rami. Abin da ba na so shi ne mai fassara ya rubuta kurege kawai, yaro ya je gona yana ɗaga kai sama, alhali ɓarawon gyaɗar yana ƙarƙashin ƙafarsa. Kuma kada a haɗa shi da gafiya ko kusu, waɗannan wutsiyarsu ba gashi, tasa kuwa buzu-buzu.

Wata kuma ta tambayi ma'anar "zomo ba bawan giwa ba ne, dawa suka tara". Tara a nan tarayya ce, ba lamba ba. Ana faɗinta ga wanda ke ganin girman jiki ko na muƙami ya ba shi ikon aiken kowa, alhali zama ne kawai ya haɗa su.