Wane Tabki Za Mu Bana? Amsa ga Yayana na Argungu

Salamu alaikum Yaya. Ina gajiya, ina su Inna da yara? Allah ya sa a ga ƙarshen damina lafiya.

Tambayarka ta ba mu dariya a gidan nan, amma tana kan hanya. Ka ce mu ba Sarkawa ba, kakanninmu ba su taɓa riƙe homa ba, to me zai sa magidanci mai albashi ya kwashi mata da 'ya'ya ya tafi kamun kifi, har a ce tun cikin hunturu ake ta gardamar inda za a je?

A nan jihar Minesota ta Amurka kamun kifi da fatsa ba sana'ar wani gida ba ce. Likita na yi, direban tirela na yi. Kowace shekara a tsakiyar Mayu akwai ranar buɗe kamu, gwamna da kansa yakan shiga jirgin ruwa, al'adar da aka faro tun 1948. Jihar Minesota tana da tabkuna sama da 11,000, kuma kifin da kowa ke bi sunansa wolai, wanda aka ayyana kifin jiha a 1965. Kada ka hasko giwan ruwan Matan Fada da sai ƙarti sun taru kafin a ɗaga shi. Mafi girman da aka taɓa aunawa a jihar, a 1979, bai cika kilo 8 ba, wanda ake kaiwa kasko kuwa da ƙyar yake kai kilo guda. Sai dai tsokarsa fara ce tas, ba ƙarni, ƙaya kaɗan, yaro ma zai ci ba fargaba.

Mu kuma yara ne suka ja mu. Makarantu na rufewa farkon Yuni sai wajen Satumba, kuɗin jirgin zuwa gida ga mutum shida ba kowace shekara ake iya haɗawa ba, abokan karatunsu kuwa kowa ya dawo hutu da labarin tabkinsu. Sai 'yan gidajen Hausawa da ke nan, na Najeriya da na Nijar da na Zangon Kumasi, muka fara haɗa kuɗi muna kama ɗakunan katako a bakin ruwa. Yawanci mako guda ake ba da su, daga Asabar zuwa Asabar, kuma masu kyau tun sanyi bai wuce ba ake kame su. Dalilin gardamar hunturu ke nan.

Maza in aka bar su, tambayarsu ɗaya ce: ina kifi ya fi yawa? Amma ba ita ke yanke hukunci ba.

Ɗauki tabkin Mille Lacs. Shi ne mafi kusa cikin manya, tafiyar kamar awa biyu daga birnin Miniyafolis, ga manyan jirage na haya da ke ɗaukar jama'a da yawa, su ba ka sanda da abin ɗanawa, kai dai ka zauna. Dattawanmu na son sa don garin St. Cloud, inda Somaliyawa ke da masallatai, bai fi awa guda daga nan ba, Juma'a ba za ta kuɓuce ba. Matsalarsa doka. Ƙabilun Ojibwe, 'yan asalin ƙasar, suna da haƙƙin kamu a tabkin bisa yarjejeniyar 1837, Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar musu da shi a 1999, don haka kowace shekara su da jiha suke zama su raba adadin da za a ɗiba. Da kifin ya yi ƙaranci, a 2015 aka rufe kamun wolai ana tsakiyar bazara, wasu shekarun bayan nan kuma duk wanda ka kama sai ka mayar da shi ruwa. Bature zai yi hoto da kifi ya sake shi, ya koma gida yana murna. Ka gwada gaya wa Hajiya cewa an biya kuɗin ɗaki da na jirgi, an wuni a rana, kuma tuwon dare da miyar kuka zalla za a ci. Shi ya sa kafin a ambaci Mille Lacs sai an duba dokar shekarar.

Tabkin Lake of the Woods kuwa shi ne mafarkin maza. Yana can ƙarshen arewa, tafiyar kusan awa shida, garin Baudette da ke kusa da shi har gunkin wolai suka kafa, ƙato mai tsawon ƙafa 40. Kifi kam akwai. To amma ruwan gefen kudu fili ne fetal, in iska ta taso igiyar ruwa sai ta juya wa yaro ciki. Ga kuma abin da maƙwabtanmu Turawa ba sa ma tunawa: iyakar Amurka da Kanada a cikin ruwan take, ba shinge, ba alamar da ido zai gani. Akwai ma wani ɓangaren Minesota a can wanda in ta mota za ka, dole sai ka ratsa Kanada. A cikinmu akwai ɗalibai, akwai wanda takardunsa ke hannun hukuma yana jira, akwai surukar da ta zo ganin jika da bizar ziyara. In akwai irin su a tafiyar, da muguwar rawa gwamma ƙin tashi. Ba a ma tambayar mutum dalili a gaban jama'a. Da ya ce "ni nisa ya yi mini" an gane, sai a sauya magana.

Abin da ya sa sau da yawa ake ƙarewa a tabkin Leech ke nan, kusa da garin Walker, tafiyar awa uku da 'yan kai. Yana da lunguna da yawa, in iska ta hana nan sai a koma can, ga wuraren da ruwa bai da zurfi inda yara za su yi wasa ido na kansu. A Yuli wolai kan gudu zurfi, ya yi wuyar samu, amma yaro ba ruwansa da sunan kifi, ƙananan da ke bakin gadar katako ma sun ishe shi ihu.

Wani abin da muke aunawa shi ne salla. Idon wolai na gani cikin duhu-duhu, saboda haka da sanyin asuba da faɗuwar rana yake farauta. A ƙarshen Yuni a can arewa rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare, isha'i ta kai sha ɗaya, asuba kuma wajen uku ta yi. Barcin bai taka kara ya karya ba. Maza kan idar da asuba su sauka ruwa kai tsaye, da gwangwanin tana da matsattsaku (da su ake ɗana masa, ni har yau sai ɗana ya soka mini matsattsakun a ƙugiya). Da yamma kuwa daidai lokacin da kifi ya fara ja magariba ke kamawa. In ɗaki na da nisa da wurin kamu, sai an zaɓi ɗaya. Don haka muna neman inda jirgi zai iso gaɓa cikin 'yan mintoci, a yi alwala da ruwan tabki, a shimfiɗa darduma a kan gadar katako, sauro na ta hidimarsa. Sauron ba ya sa zazzaɓin cizon sauro, amma kaska na sa wata cuta, kowane dare sai iyaye mata sun duba kan yara da bayan kunnuwansu.

Abinci kuwa dole ɗakin ya zama da kicin. A ƙauyukan can ba ka samun naman yanka, daga shagunan Somaliyawa na birni ake cika kula a tafi da shi. Ko kifin gidajen abinci sai ka tambaya, don sau da yawa da giya suke kwaɓa ƙullun da suke soya shi. Namu gishiri ne da citta da tafarnuwa, a barbaɗa yajin ƙuli in ya fito daga mai.

Ka tambaya ko da gaske ne ana auna kifi da ma'auni. Da gaske ne. Duk wanda ya kai shekara 16 sai da lasisi, ana saya ko a gidan mai. Kowane babban tabki da nasa ƙa'idar. A Lake of the Woods, misali, wolai da ya faɗa tsakanin inci 19 da rabi zuwa 28 dole a sake shi, don su ne masu ƙwai. Ma'aikatan hukuma kan tsayar da jirgi su buɗe kula su ƙirga, in ka fere tsokar ma sai ka bar ɗan fata a jiki don a gane irin kifin. Na san za ka ce Sarkin Ruwa ma yana hana taɓa Matan Fada sai ranar biki, kuma haka ne, sai dai nan da tara ake tsare dokar, har su ƙwace maka kayan kamu. Yaron da bai kai shekara 10 ba kuma ba ya zama cikin jirgi mai tafiya sai da rigar ceto.

Bana dai mata sun tsaya a kan Leech, makon ƙarshe na Yuni, kafin kifin ya nutse. Maza biyu har yanzu suna ƙunƙuni, sun ce za su je Baudette su kaɗai a Satumba. Adashin da muke zubawa tun Oktoba shi ke biyan ɗakuna, man jirgi kuma kowane gida da nasa. In maganar zuwanka baɗi tana nan, ka sanar da ni kafin Janairu ya fita, a kama ɗaki mai gado ɗaya ƙari. Ka gaida Inna, ka ce jikokinta na gaishe ta.